Zoɓo a Kwalbar Giya

A Greensboro, in kana son sanin matsayin mace a cikin mutanenmu, kada ka dubi motarta ko gidanta, duk na banki ne. Ka duba wa ake kira in an yi haihuwa ko an sa ranar aure. Shekara da shekaru ni ake kira. Ranakun mako ina aiki a gidan kula da tsofaffi, ina juya Turawan da 'ya'yansu ba su da lokacin juya su, ranar Juma'a da yamma kuwa sai in ɗaura zani in koma ainihina: waina, sinasir, dambun nama, kilishi, zoɓo. Daga McLeansville inda nake zaune har ƙarshen gari, ba a yin suna tandata ba ta hau wuta ba.

Wadda ta ɗora ni a kan wannan hanya ita ce Hajiya. Ba mu haɗa komai ba, ita Bakanuwa ni Bazazzagiya, amma ita ta zauna da ni a haihuwata ta fari, ta dama min kunun kanwa, ta yi min wankan jego a bahon Turawa tana mitar ruwan bai yi zafi ba. Ita ta fara cewa a gaban mata su ci wainar yarinyar nan su ji, kuma a garin nan bakin Hajiya ya fi kowace talla. Tana da 'ya mace ɗaya tal, auta, wadda na goya, na yi wa kitso tana yi min kuka da Turanci. Tun yarinyar ba ta san mene ne aure ba aka gama magana: ranar bikinta ni zan yi girki, ni kaɗai, ba ciniki ba kwangila. Na daɗe ina tsara girkin nan a raina fiye da yadda na taɓa tsara rayuwata.

Sai Allah ya haɗa ni da wata Baturiya. A kasuwar manoma ta ranar Asabar ne, inda nake kasa kilishi da zoɓo a ɗan teburi. Ta ɗanɗani kilishin, ta runtse ido, ta dafe ƙirji, na ɗauka yaji ne ya sarƙe ta har na miƙa mata ruwa. Ashe daɗi ne, haka suke jin nasu daɗin. Ta ce ita da mijinta suna da gonar inabi can bayan Pleasant Garden, suna matse shi su yi giya, kuma giyar ba ta tafiya yadda suke so, domin duk inda ka juya a jihar nan wani ya dasa inabi ya buga tambarinsa. Ta ce mutanen yanzu ba kwalba suke saye ba, labari suke saye. Ta riga ta haɗa kai da mai cukwi, da mai zuma, da wani mai burodi da ke yi wa ƙullunsa magana kafin ya gasa. Abin da ya rage mata shi ne wani abu da ya fito daga nesa, ga ni kuwa an kawo mata daga nesa har bakin teburi.

Na ce mata ni Musulma ce, ba na sha, ba na zubawa, ba na wanke kofin da aka sha. Ta ce ai wannan ma labari ne mai kyau.

Na kai maganar wurin Malam na masallacinmu. Ya saurare ni, ya yi gyaran murya, ya kawo maganar malaman nan, ya kawo ta malaman can, ya zagaya da ni har na manta abin da na tambaya. Ƙarshe ya ce nama halal ne, sayar da shi halal ne, abin da mai saye ya kora da shi kuwa tsakaninsa da Ubangijinsa, amma dai in yi taka-tsantsan. Sannan ya tambaya ko akwai ragowar kilishin a mota. Maigidana bai ma wahalar da kansa ba, shi da sana'arsa ta ƙarshen mako ita ce kwasar 'yan giya a mota yana sauke su a ƙofar gidajensu. Shi kansa Alhaji, mijin Hajiya, yana da gidan mai da shago a gefe, a cikin shagon kuma akwai wani dogon firjin giya wanda duk garin nan mun amince ba mu taɓa gani ba.

Na kafa sharuɗɗana. Kilishina a kan kanta zai zauna tare da cukwi da zuma, ba na zuwa ranar da suke taron ɗanɗane, kuma ta ƙofar baya zan riƙa shiga. Na gaya wa Hajiya na samu wata Baturiya mai gonar inabi da ke sarin kayana. Ta ce masha Allah, inabi ai abin marmari ne mai albarka. Ba ta tambayi abin da ake yi da shi ba, ni ma ban ga dalilin tsawaita hira ba. Mu duka biyun mun san ba alewa ake yi da shi ba.

Kilishin farko da na kai ya sa wani dattijo hawaye a gaban matarsa, sai aka ce in rage yaji. Na rage. Aka ce in ƙara ragewa. Na yi ta ragewa har ya zama naman da aka nuna wa barkono daga bakin ƙofa, to shi ne ya karɓu. Ana yanka shi ƙanana kamar farce, a jera a kan katako, a kafa masa 'yar takarda mai bayanin giyar da ta dace da shi. Abin da muke yagowa da hannu a cikin mota tsakanin Kaduna da Zariya, shi ne mutane ke tuƙi mai nisa su zo su ɗauka da tsinke suna gyaɗa kai. Ni dai ba ruwana, naman yana ƙarewa.

Wata rana na kai kaya, Baturiyar ta gan ni ina kurɓar zoɓo daga gorar roba. Ta karɓa ta sha, ta sake dafe ƙirjin nan. Nan take ta hango sabon kaya. Ta ce kullum a cikin masu zuwa gonar akwai waɗanda ba su sha: direban tafiya, mai ciki, da 'yan cocin da ba su sha a gaban juna. Me zai hana mu yi musu nasu, ruwan inabi zalla wanda ba a bari ya kwana ba, a haɗa da zoɓo da citta da kanumfari. Na ce in dai a tukunyata za a dafa, kuma idona na kai daga wuta har kwalba, na yarda. Gaskiya kuwa na ji daɗin kwanakin nan. Matar ba ta da ƙyuya, hannunta duk kaushi ne kamar na matan ƙauyenmu, kuma tana sauraron magana in ba ta shafi talla ba.

A kan kwalba muka samu saɓani. Injin ɗurarsu kwalba iri ɗaya ya sani, doguwa, mai duhu, mai dogon wuya, da toshiyar da sai an murɗa mata ƙugiya an zaro. Na ce a samo mana roba. Ta dube ni da tausayi, ta ce roba za ta zubar da darajar sunan gonar. Aka manna tambarinsu a gaba, a ƙasa da ƙananan baƙaƙe aka rubuta babu giya a ciki, a baya kuma da manyan baƙaƙe aka rubuta cewa wannan sirrin kakata ne da na tsallako teku da shi. Kakata ba ta taɓa dafa zoɓo ba a rayuwarta, fura take damawa. Ni a wurin wata maƙwabciyarmu na koya, wadda ke ƙullawa a leda tana sayar wa 'yan makaranta. Na gaya wa Baturiyar haka, ta ce kaka ta fi shiga rai.

Ana cikin haka mahaifiyar Baturiyar ta rasu. Na ambata wa Hajiya a cikin hira kawai, na manta Hajiya ba ta iya jin mutuwa ta zauna. Ba ta san matar ba, ba ta san marigayiyar ba, amma ta kwana biyu tana cewa Allah sarki, sannan ta dafa shinkafa da miya da farfesun kaza, ta cika manyan kulolinta ta ba ni in kai. Baturiyar ta buɗe ta fashe da kuka. Ta ce maƙwabtanta na shekaru kati suka aiko mata da wata taliya mai sanyi, ga wadda ba ta taɓa gani ba ta ciyar da gidanta gaba ɗaya. Ta tambaye ni yadda ake mayar da kwanukan. Na abincin makoki ba a cika damuwa ba, amma na ga tana ƙishirwar al'ada, sai na ce mata a wurinmu ba a mayar da kwano haka nan, ana wankewa a sa ɗan wani abu a ciki, ko sabulu, ko alewa, ko lemo. Ta ce wannan ita ce al'ada mafi kyau da ta taɓa ji, in bar mata. Na ɗauka ni za ta ba wa in mayar. Ban tuna ba cewa Hajiya tana manna adireshinta a gindin kowace kula, saboda matan garin nan sun iya aro ba su iya mayarwa ba.

A lokacin an riga an sa ranar auta. Ranar kawo lefe gidan Hajiya da ke gabashin gari ya cika da mata. Dangin ango sun zo daga Maryland, tare da wata gwaggonsa da aka ɗauko takanas daga Kano, doguwar mace mai tabarau wadda tun shigowarta take auna labule da kujeru da ido. An baje akwatuna a falo ana ɗaga atamfa ana sa albarka. Ni ina gareji, ƙofa a buɗe, ina suyar waina, don haka ni na fara ganin motar. Farar motar kaya ce, a jikinta an zana curin inabi da kofin giya mai tsawon mutum. Ta zo a hankali tana duba lambobin gidaje, ta tsaya daidai ƙofar Hajiya, a inda kowa zai gani daga taga.

Baturiyar ta fito ta yafa ɗan gyale don girmamawa. Ta kwaso kulolin ta jera a bakin ƙofa, ta koma ta ɗauko kwali, ina jin kwalabe suna kaɗa juna. Na taso da cokalin suya a hannu, mai yana ɗiga, amma kafin in zagayo ta danna ƙararrawa, an buɗe, an ce mata bismillah, domin mu ba ma barin baƙo a tsaye. Ta rungume Hajiya tana hawaye tana godiya. Ta buɗe kulolin ɗaya bayan ɗaya don a ga ta koyi darasi: a cikin kowace an kwantar da kwalba, an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Ta ajiye kwalin kusa da akwatin takalma. Sannan ta hango ni a bakin falo, fuskarta ta washe, ta nuna ni ta gaya wa jama'a da Turancinta mai zaƙi cewa ni ce abokiyar sana'arta, tare muke haɗa wannan, kuma ba don ni ba da gonarsu ba ta yi sunan da take yi yanzu ba.

Mata suka ajiye atamfar da suke ɗagawa. Gwaggon ango ta sauke tabarau, ta dubi kwalaben, ta dubi motar ta taga, ta juyo a natse.

“Hajiya, ashe har gida ake kawo muku?”

Amarya, da ke ɓoye a sama kamar yadda aka umarce ta, ta leƙo ta sauko, ta ɗauki kwalba ɗaya ta karanta, ta ce da Turanci ai ruwan 'ya'yan itace ne kawai. Ba wanda ya kula ta, a irin wannan taro maganar da aka yi da Turanci ba ta shiga lissafi. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni. Na ce a kawo kofi yanzu in nuna musu. Aka kawo, sai aka rasa abin buɗewa. Aka shiga kallon-kallo, duk wadda ke da irinsa a gidanta ranar ba ta taɓa jin labarinsa ba. Baturiyar ta ce kada mu damu, ta zaro nata daga cikin makullan mota, ta murɗa, ta ja, toshiyar ta fita da ƙarar nan da kowa ya sani daga talabijin. Wata daga baya ta yi a'uziyya.

Ta zuba yadda hannunta ya saba, ɗan kaɗan a gindin kofin gilashi, ta juya shi, ta ɗaga shi wajen haske, ja wur, ta ce in fara shinshinawa. Ban shinshina ba, na kafa kai na shanye, na ce musu wallahi zoɓo ne. Na ƙara zubawa na miƙa wa gwaggo. Ta ce azumi take yi, da man wainata a leɓenta. Sai a lokacin na lura da wayoyin da aka ɗaga. Na zo wanke kaina, na ba su hoton da ko maƙiyina bai isa ya haɗa ba: ni, da ɗankwali a karkace, kofi a baki, kwalba a hannun Baturiya. Kafin magariba yayata ta kira daga Zariya tana kuka, tana tambaya ko wahalar Amurka ce ta kai ni ga haka.

Ba wanda ya zage ni. Da an zage ni da na samu na ramawa. Gaisuwa ma sai ta ƙara tsawo, ana tambayar yara da maigida da aiki da gajiya, a rabu lafiya. Waya ce kawai ta daina ƙara ranar Alhamis, ranar da aka saba kira na a sa girki. Aka yi suna a gidan wata da na yi wa girki a duk haihuwarta, sai a hoto na gani, da wainar wata mata da ta zo garin kwanan nan, wainar da in ka jefi taga da ita sai ka biya gilashi. Malam ya yi wa'azi a kan mummunan zato, bai kama suna ba, kowa ya gyaɗa kai ya waiwayo ya dube ni. Baturiyar, da na yi mata bayani, ta yi kuka ta ce za ta zo masallaci da kanta ta wanke ni a gaban jama'a. Na roƙe ta don girman Allah ta zauna a gonarta. Zoɓon kuwa ya karɓu, wani gidan abinci a cikin gari ya sa shi a jerin abin shansa, har ta fara tambayata wane abu ne tsamiya, kuma ko kakata ta bar wani sirrin a kanta.

Duk wannan bai hana ni shirin biki ba. Na yi wa kaina huɗuba cewa sauran mata daban, Hajiya daban. Na sayi shinkafar waina, na yi magana da mai gonar da muke yanka rago a wurinsa, na wanke manyan tukwane na kife. Ana saura 'yan makonni sai ga motar Hajiya a ƙofar gidana, ita da ba ta son tuƙi a babbar hanya, ko Sallah sai dai ni in je. Ta shigo da leda a hannu, muka gaisa, na kawo ruwa, ta sha, ta daɗe tana gyara zaman mayafi.

“Na sha, ai,” ta ce. “Bayan sun watse na juye ragowar a kofi. Zoɓo ne. Kin cika sukari, kanumfari kuma ya yi kaɗan.”

“To Hajiya, ki faɗa musu mana.”

“In faɗa wa wa, 'yar nan? Matar nan Kano za ta koma da abin da idonta ya gani. Yarinyar kuma cikin danginsu za ta zauna, ba ni ba, ba ke ba.”

Ta turo min ledar. Leshi ne mai tsada, ankon iyayen amarya, ba na ƙawaye ba. Ta ce na yi musu wahala shekara da shekaru, ban taɓa zama a bikin kowa ba, kullum ina bayan tukunya. Wannan karon in zo in zauna in huta, a teburin iyaye ta sa ni, kusa da ita. Ba ta iya kallona tana faɗa ba, ni ma ban iya kallonta ba. Na ce na gode, Allah ya sanya alheri, na raka ta har mota. Na dawo na zauna a kicin tsakanin tukwanen da na kife, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. An sha ɓata min rai a ƙasar nan, amma ba a taɓa korata da girmamawa irin wannan ba, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san in ni ce a matsayinta, abin da zan yi ke nan.

Ranar biki na sha lalle har wuyan hannu, tunda ba abin da zan wanke. Na ɗaura ɗaurin da ya fi na kowa tsayi, na zauna a teburin iyaye, Hajiya a damana, gwaggon ango a haguna tana yaba leshina. Aka zo da abinci. Shinkafar ta caɓe, miyar ba ta soyu ba, wainar kuwa ta sabuwar matar nan ce. Kowa yana ci yana cewa masha Allah, ni ma na ce.

Can amarya ta fara zagaya tebura tana gaisuwa, ango na biye da ita. Da ta iso wurinmu ta durƙusa ta gaida gwaggo, ta gaida mahaifiyarta, sannan ta sunkuyo kusa da kunnena da Hausarta mai tuntuɓe.

“Anti, ina waina naki? Ban ci komai ba tun safe, ina jira.”

Ba wanda ya gaya mata. Hajiya ta mayar da ido kan farantinta. Na ce mata yau hutu nake, 'yata, an ce in zauna in ga kyanki. Na ɗauki waina ɗaya daga gabana, na gutsura da ƙyar, na dangwala miya na sa mata a baki, na ce ta ci, wannan ma ta yi daɗi. Ta tauna tana kallona, ta daɗe tana taunawa kafin ta haɗiye. Mai hoto ya ce mu matso mu yi murmushi, muka matso muka yi.